Shanyewar Ɓarin Jiki: Bincike kan Rigakafi, Magani da Jinya

Shanyewar ɓarin jiki, wadda wasu ke kira mutuwar ɓarin jiki, ciwo ne da ke afkawa mutum farat ɗaya idan jini ya daina isa wani sashe na ƙwaƙwalwa, ko dai saboda jijiyar da ke kai shi ta toshe, ko kuma saboda ta fashe jinin ya malala a cikin kai. A takardun asibitocin Kamaru da Cadi ana rubuta ta da haruffa uku, AVC, wato taƙaitaccen sunanta na Faransanci, kuma da wannan suna ne masu jinya da yawa a Garwa, Marwa, Ngaundare da Njamena suke fara jin ta daga bakin likita. A hannu da ƙafa ake ganin alamar, amma a ƙwaƙwalwa ɓarnar take, kuma a gefen da ke kishiyar wanda ya shanye, domin jijiyoyin motsi suna gittawa juna kafin su sauka cikin jiki. Shi ya sa wanda ɓarinsa na dama ya shanye yakan rasa magana ma, tun da cibiyar harshe a gefen hagu take ga mafi yawan mutane.

Ƙididdigar duniya ta shekarar 2019 ta nuna mutum miliyan 12.2 ne ciwon ya kama a shekarar, fiye da miliyan 6.5 kuma suka mutu, abin da ya sanya shi na biyu wajen kisa bayan ciwon zuciya.

Ire-irenta

Likitan ƙasar Suwizalan Johann Jakob Wepfer ne ya nuna a 1658, bayan ya duba gawarwaki, cewa zubar jini a cikin kai na haddasa ciwon, ya kuma yi bayanin cewa toshewar jijiya ma na iya yin haka. Sai dai bambance iri biyun a jikin mai rai bai zama abu mai sauƙi ba sai da aka soma amfani da na'urar hoton ƙwaƙwalwa ta sikana a Landan a 1971. A Turai da Amurka kusan kashi 85 cikin 100 toshewa ce. A Afirka fashewar jijiya ta fi haka yawa nesa ba kusa ba: binciken SIREN na Najeriya da Gana ya same ta a kashi 32 cikin 100 na majinyata, wani binciken kuma na Babban Asibitin Duwala da aka buga a 2014 ya same ta a kusan rabin majinyata 325, waɗanda fiye da kashi ɗaya cikin huɗu daga cikinsu suka rasu kafin a sallame su. Matsakaicin shekarunsu bai kai 60 ba, wato magidanta ne da iyayen yara masu ɗauke da nauyin gida.

Rigakafi

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20 likitoci da dama suna ɗaukar hawan jini a matsayin abin da ke zuwa da tsufa, wanda bai kamata a taɓa ba. Binciken garin Framingham na Amurka, wanda aka fara a 1948 ana bibiyar lafiyar mutanen garin shekara da shekaru, shi ya rushe wannan fahimta, gwajin magani a kan tsofaffin sojojin Amurka da aka buga a 1967 kuma ya tabbatar da cewa sauke hawan jini na hana mummunan sakamakonsa. Daga baya binciken INTERSTROKE, wanda sakamakonsa na 2016 ya haɗa kusan mutum 27,000 daga ƙasashe 32, ya nuna abubuwa goma da ake iya gyarawa su ne tushen kimanin kashi 90 cikin 100 na ciwon, ciki har da shan taba, ciwon sukari, tumbi, rashin motsa jiki, kitse a jini, giya da ciwon zuciya, hawan jini kuwa shi ne kan gaba.

Binciken da ya fi kusa da rayuwar Hausawa shi ne SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan yake cikin jagororinsa, aka gudanar da shi a asibitoci 15, har da na Kano da Zariya. Sakamakonsa na 2018 ya kwatanta majinyata 2,118 da takwarorinsu masu lafiya, ya kuma nuna hawan jini yana da hannu a kusan kashi 90 cikin 100 na shanyewar ɓarin jiki a yankin, adadin da ya zarce na sauran sassan duniya. Ya gano cewa barbaɗa gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa da yawan cin nama suna ƙara haɗari, cin ganye kullum kuwa yana rage shi. Wannan na ƙarshe labari ne mai daɗi ga arewacin Kamaru da Cadi, inda miyar yakuwa, lalo, zogale da tafasa suke abincin yau da kullum. Matsalar ita ce abin da ake jefawa cikin tukunyar tare da su.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Lissafin bai tsaya ga farin gishiri kaɗai ba. Dunƙulen ɗanɗano da ake murtsukewa biyu ko uku a miya ɗaya, sannan a sake dakawa a yajin tsire da na kilishi, gishiri ne mafi yawansa. Kanwa ma, wadda ake haƙowa a Kanem da ke gefen Tafkin Cadi fatake suna bazawa kasuwanni tun zamanin da, cike take da sinadarin sodiyam, shi ne kuwa sinadarin da ke tayar da jini a cikin gishiri. Tun a shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya ga masu jego da kunun kanwa da kwanciya a gadon wuta. A ƙasar Sin, wani gwaji da aka buga a 2021 ya raba wa mutum kusan 21,000 a ƙauyuka 600 gishirin da aka maye kashi ɗaya cikin huɗu nasa da sinadarin fotasiyam, shanyewar ɓarin jiki kuma ta ragu da kashi 14 cikin 100. Irin wannan gishiri bai dace da mai ciwon ƙoda ba.

Ta fuskar magani, tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa ya nuna cewa sauke lambar sama ta awon jini da maki 10 na rage haɗarin da kusan kashi 27 cikin 100. Gwajin CREOLE na 2019, wanda aka yi a ƙasashen Afirka shida ciki har da Kamaru a kan mutum 728, ya nuna haɗin magani biyu da ke ɗauke da amlodifin ya fi sauke jinin baƙar fata a kan haɗin da ba shi a ciki. Amlodifin magani ne mai araha da ake samu a yawancin kantunan magani. Bincike a Kamaru ya sha nuna kusan mutum ɗaya cikin uku na manya yana da hawan jini, akasarinsu ba su sani ba, saboda ciwon ba ya sa zazzaɓi kuma sau da yawa ko ciwon kai ba ya sawa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya sha kwali ɗaya, a auna a ga jinin ya sauka, ya ɗauka ya warke ya ajiye maganin.

Masu bugun zuciya marar tsari suna da nasu haɗarin, domin jini na daskarewa a zuciyarsu gudan ya tafi ƙwaƙwalwa, kuma maganin tsinka jini na warfarin yana rage wannan da kusan kashi biyu cikin uku.

Yara masu sikila

Ciwon ba na manya kaɗai ba ne. Idan ba a yi rigakafi ba, kimanin yaro 11 cikin 100 masu sikila suna gamuwa da shi kafin su cika shekara 20. Gwajin STOP na Amurka ya nuna a 1998 cewa ana iya gano yaran da ke cikin haɗari da wata ƙaramar na'ura da ake ɗorawa a gefen kai tana auna gudun jini, kuma ƙarin jini a kai a kai na rage haɗarin da kashi 92 cikin 100. Ƙarin jini duk wata kuwa ya fi ƙarfin yawancin gidaje da asibitocin wannan yanki. Wannan ne ya sa masu bincike a Kano, tare da abokan aikinsu na Amurka, suka gwada maganin haidiroksiyuriya a kan yara 220, sakamakon da aka buga a 2022 kuma ya nuna ƙaramin awo na maganin ma yana ba da kariya. Aiki ne da aka yi a ƙasar Hausa, a yanayin da bai bambanta da na Marwa ko Kusiri ba.

Sa'o'in farko

Alamomin da ake koya wa jama'a su ne karkacewar baki, hannu ɗaya ya saki ya kasa ɗaguwa, da sarƙewar magana ko ɗaukewarta, duk a lokaci guda. Idan alamun suka zo suka wuce cikin mintuna, gargaɗi ne, kuma wani bincike na Oksfod da ke Ingila a 2007 ya nuna fara magani nan take bayan irin wannan gargaɗi na rage babban ciwon da ke biyo baya da kusan kashi 80 cikin 100.

Idan jijiya ta toshe, sashen da ke tsakiya yana mutuwa da wuri, na kewaye kuwa yana yaushi ne tukuna, kamar lambun albasa da aka datse wa hanyar ruwa, wanda zai iya farfaɗowa idan an buɗe kafin rana ta gama da shi. A kan wannan aka gina maganin gaggawa. A 1995 aka tabbatar da cewa allurar narkar da gudan jini ta altifles tana amfani cikin sa'a uku, a 2008 aka tsawaita zuwa huɗu da rabi. A 2015 gwajin MR CLEAN na Holan da wasu da suka biyo bayansa suka nuna amfanin zura siririn bututu ta jijiyar cinya har cikin kai a zaro gudan, a 2018 kuma aka ga wasu zaɓaɓɓun majinyata na amfana har zuwa sa'a 24. Duka biyun suna buƙatar hoton sikana tukuna, domin allurar da ke ceton mai toshewa tana iya kashe mai fashewar jijiya.

A nan ne tazara ta fi fitowa fili. Likitocin ƙwaƙwalwa na Kamaru sun taru ne galibi a Yawunde da Duwala, na Cadi kuma a Njamena, tsakanin Marwa da Garwa kaɗai akwai kimanin kilomita 200, kuɗin hoto da na mota kuma daga aljihun dangi suke fitowa. Ga kuma jinkirin gida: da yake ciwon yana kayar da mutum yana tsakiyar alwala ko ciniki, ana yawan danganta shi da iska ko sammu, sai a fara da hayaƙi, rubutu da ƙahon wanzami. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti, ana iya yin ta a cikin mota. Sa'o'in da aka ɓata a zaure ne ba sa dawowa.

Asfirin shi ne maganin da ke kusa da hannun kowa. Manyan gwaje-gwaje biyu na 1997, a kan kusan mutum 40,000, sun nuna fara shi cikin kwana biyu na hana mutuwa ko maimaituwar ciwon ga kimanin mutum 9 cikin 1,000. Amfanin kaɗan ne ga mutum ɗaya, mai yawa ne ga al'umma, amma bai halatta a ba da shi a gida da ka ba, saboda yawan fashewar jijiya a yankin.

Jinya da farfaɗowa

Abin da bincike ya fi tabbatarwa a fannin jinya ba na'ura ba ce. Tun daga 1993 aka nuna cewa majinyatan da aka tara a ɗaki na musamman, ƙarƙashin ma'aikatan da suka saba da ciwon kuma suke bin tsari ɗaya, sun fi rayuwa da komawa gida da ƙafarsu. Gwajin QASC na Ostareliya a 2011 ya mai da hankali kan abu uku da ma'aikatan jinya ke yi, wato sauke zazzaɓi, daidaita sukari da gwada haɗiya, kuma ya rage mutuwa da nakasa sosai. Wannan darasi ne da asibitin gunduma zai iya ɗauka ko da ba shi da sikana, kuma a ganin mai wannan rubutu shi ya fi cancantar a fara da shi.

Batun haɗiya ya cancanci a tsaya a kansa. Kusan rabin majinyata suna samun matsalarta a kwanakin farko, al'adar jinya kuwa ita ce a tallabo kan mara lafiya a ɗura masa ruwa ko kunu don ya samu ƙarfi. Idan maƙogwaro bai rufe daidai ba, abin da aka ɗura yana gangarawa huhu, wani lokaci ba tare da ko tari ba, bayan kwana biyu zazzaɓi da ciwon huhu su taso. Ƙa'ida ita ce kada a ba shi komai ta baki sai ma'aikaci ya zaunar da shi a miƙe ya gwada shi da cokalin ruwa, yana sauraren ko zai ƙware ko muryarsa za ta canja. Wanda ya kasa, ana ciyar da shi ta robar hanci. Haka nan ana juya shi duk bayan sa'a biyu don gudun gyambon kwanciya, musamman a zafin Maris zuwa Mayu da gumi ke jiƙa shimfiɗa, kuma ba a jan sa ta hannun da ya shanye, domin kafaɗar tana iya gocewa.

Gashin ƙashi da koyon tafiya da magana sun fi tasiri a watanni uku zuwa shida na farko. Gaggawar da ta wuce kima ma tana da illa, kamar yadda gwajin AVERT ya nuna a 2015, inda yawan tayar da majinyaci cikin sa'a 24 na farko ya rage samun sauƙi. A Indiya an gwada koya wa dangi aikin farfaɗowa su yi a gida, a kan majinyata 1,250, amma sakamakon 2017 bai nuna wani bambanci ba, abin da ke nufin ɗan gajeren horo ga dangi ba ya maye gurbin ƙwararre. Kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka tsira suna fama da ciwon damuwa, wanda ake iya magancewa, sai dai sau da yawa ana ɗaukarsa rashin haƙuri da ƙaddara.

Wanda ciwon ya taɓa kamawa yana cikin haɗarin maimaituwarsa, shi ya sa maganin hawan jini yake zame masa na tsawon rai. Gwajin PROGRESS na 2001 ya nuna sauke jini ga irin waɗannan mutane na rage maimaituwar da kashi 28 cikin 100. Mai son yin azumin Ramadan yakan tuntuɓi likita a mayar masa da lokutan shan maganin zuwa sahur da buɗa baki, idan yanayin jikinsa ya ba da dama.