Aman tafiya

Aman tafiya, wanda mutane suka fi kira aman mota, rashin jin daɗi ne da ke kama mutum lafiyayye sa'ad da yake cikin abin hawa mai motsi, ko mota ce, ko kwale-kwale, ko jirgin sama, har ma da raƙumi, wanda tafiyarsa ke rangajin mahayi dama da hagu. Yana farawa da yawan hamma, taruwar miyau a baki, zufa mai sanyi da nauyin kai, sannan jiri da tashin zuciya su biyo baya, daga ƙarshe amai ya zo. Ba cuta ba ce da ake ɗauka daga wani, kuma ba alamar ragwanci ba ce, ko da yake a tashoshin Yamai da Tawa har yanzu ana jin fasinjoji suna yi wa mai amai faɗa kamar da gangan ya yi. An san shi tun zamanin da, domin Hifokiratis, likitan Girka, ya rubuta cewa tafiya a teku tana nuna yadda motsi ke hargitsa jiki.

Abin da ke jawo shi

Tushen matsalar yana cikin kunne, ba cikin ciki ba. Can cikin kowane kunne akwai wasu bututu 3 masu lanƙwasa, cike da ruwa, waɗanda ke gane juyawar kai, da kuma wasu ƴan jakunkuna 2 masu ɗauke da ƙananan duwatsu, waɗanda ke gane tafiya gaba da baya da kuma sama da ƙasa. Ƙwaƙwalwa tana haɗa saƙon waɗannan da abin da ido ya gani da abin da gaɓoɓi suka ji, ta haka take sanin halin da jiki yake ciki. Idan mutum yana zaune a tsakiyar kar, wato babbar motar fasinja, yana kallon wayarsa, ido yana shaida mata cewa komai a tsaye yake, kunne kuwa yana shaida mata cewa ana gudu, ana birki, ana faɗawa rami. Wannan saɓanin shaida shi ne bayanin da masana suka fi yarda da shi, musamman tun bayan aikin James Reason da abokin aikinsa a 1975. Babbar hujja a kai ita ce mutanen da wannan sashe na kunnuwansu biyu ya daina aiki ba sa kamuwa da aman tafiya ko da teku ta yi hauka.

Dalilin da ya sa saɓanin yake ƙarewa da amai kuwa, a 1977 Michel Treisman ya kawo ra'ayin cewa ƙwaƙwalwa tana ɗaukar ruɗewar a matsayin alamar guba, sai ta umurci ciki ya fitar da abin da ke cikinsa. Ra'ayi ne mai ma'ana, amma har yanzu hasashe ne.

Ba kowane motsi ne ke tayar da zuciya daidai ba. Wanda ya fi muni shi ne lilo a hankali, kamar sau ɗaya cikin daƙiƙa 5, irin na jirgin ruwa bisa igiyar teku ko na babbar mota mai laushin ƙafa. Direba ba kasafai yake kamuwa ba, saboda ya san kwana da birki kafin su zo, ƙwaƙwalwarsa ta riga ta shirya. Jarirai ƴan ƙasa da shekara 2 da wuya abin ya same su, ya fi tsanani ga yara daga wajen shekara 6 zuwa 12, sannan ya ragu da girma. Mata sun fi maza kamuwa, musamman masu juna biyu, haka ma masu ciwon ɓarin kai. Ƴan sama jannati ma ba su tsira ba: Gherman Titov na Tarayyar Sobiyet ya yi fama da shi a 1961.

Rigakafi

Ga mai tafiya daga Yamai zuwa Tawa, wajen kilomita 550 ta Dosso da Dogondutsi da Birnin Konni, rigakafin yana farawa tun wurin sayen tikiti. Kujerun gaba, inda ake hango hanya ta gilashin direba, sun fi na baya nesa ba kusa ba, domin can baya ne jijjiga ta fi yawa kuma ido ba ya ganin komai sai ƙeyar mutane. A jirgin sama, kamar na alhazai da ke tashi daga filin Diori Hamani, wurin da ya fi natsuwa shi ne daidai fukafukai, a kwale-kwalen kogin Isa kuwa tsakiya. Mutum ya fuskanci inda ake nufa, ya jingina kansa kada ya riƙa rangaji, ya kafa ido can nesa inda sama ta haɗu da ƙasa. Idan babu halin hango waje, rufe ido ko barci ya fi. Karatu da latsa waya su ne manyan masu tayar da abin, kuma a yau waya ce ta fi kayar da matasa.

Motocin dogon zango suna tashi ne da asuba, shi ya sa wasu ke shiga da yunwa don tsoron amai, wasu kuma su cika ciki da abinci mai maiƙo. Duka biyun kuskure ne. Abin da ya dace shi ne ɗan abinci mara nauyi, kamar koko ko burodi, da kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan a hanya. Warin mai, hayaƙin taba, turare mai ƙarfi da zafin watannin Afrilu da Mayu duk suna gaggauta tashin zuciya, saboda haka iska mai shigowa tana da amfani ƙwarai. Jan numfashi a hankali, a kai a kai, shi ma yana jinkirta alamun.

Mutane da yawa suna riƙe citta, lemun tsami ko kanunfari. A cikinsu citta ce aka fi yi wa gwaji, sakamakon kuwa ya sha bamban, wasu gwaje-gwajen sun ga amfani, wasu ba su gani ba. Tun da ba ta da tsada kuma ba ta sa barci, babu laifi a gwada ta. Maganin da ya fi kowanne ɗorewa dai shi ne sabo, domin wanda ke yawan tafiya jikinsa yakan daina ɗaukar motsin a matsayin baƙon abu, kamar yadda ake gani ga yaran mota da masunta.

Magunguna

Ƙa'ida mafi muhimmanci ita ce a sha magani kafin a tashi. Da zarar zuciya ta fara tashi, ciki yakan rage aiki, ƙwayar da aka haɗiya ba ta shiga jini da wuri, wani lokaci ma ta dawo. A farmasi an fi samun dimenhidirinat, mai sunayen kasuwa Nausicalm da Mercalm, da difenhidiramin, wato Nautamine, waɗanda ake sha minti 30 zuwa awa ɗaya kafin tafiya. Sinarizin, wato Stugeron, yana son awa 2. Akwai kuma sikofolamin na mannawa a bayan kunne, wanda ake liƙawa aƙalla awa 4 kafin tashi, ya yi aiki har kwana 3. Sababbin magungunan ƙaiƙayi da atishawa marasa sa barci, irin su setirizin da loratadin, ba sa hana aman tafiya.

Kusan dukkan masu aikin suna kawo barci da bushewar baki, don haka direba ko mai tuƙa babur bai kamata ya kusance su ba. Mai ciwon hawan ruwan ido da dattijon da fitsari ke yi wa wuya su nemi shawarar likita tukuna, mai ciki ta tambayi unguwarzoma. Ba a ba jariri ɗan ƙasa da shekara 2, kuma furometazin, wato Phénergan, yana da haɗari na musamman gare shi domin yana iya danne numfashi. Ƙwayoyin da ake talla a faranti cikin tasha, waɗanda suka wuni a rana ba tare da kwali ba, ba abin dogara ba ne ko da mai tallan ya rantse.

Idan abin ya riga ya kama

A buɗe taga, a shafa ruwa a fuska, a roƙi direba ya tsaya in da hali, mutum ya sauka ya taka ƙasa. Bayan amai a kuskure baki, a riƙa kurɓar ruwa, yaron da ya yi amai sau da yawa kuma a ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti, saboda a zafin ƙasarmu ruwan jikin yaro yana saurin ƙarewa. Aman tafiya yakan lafa cikin ƴan awoyi bayan sauka. Idan ya zarce har washegari, ko ya zo da masassara, sanƙarewar wuya, gudawa ko ciwon kai mai tsanani, to a tuna da zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau, a kai mutum asibiti. Idan kuwa fasinjoji da yawa suka kamu da ciwon kai da jiri lokaci guda a mota rufaffiya, hayaƙin inji ne ake zargi yana shigowa, sai a tsaya nan take kowa ya fito.