MagnaCut da makomar ƙarfen wuƙa

MagnaCut sunan wani ƙarfe ne da ake ƙera ruwan wuƙa da shi, ya fito kasuwa a 2021, wanda ya tsara shi kuma wani masanin ƙarafa ne ɗan Amurka mai suna Larrin Thomas, kamfanin Crucible da ke jihar New York ne ya fara narka shi. Abinda yasa ake yawan kiran sunansa idan ana maganar makomar ƙarfen wuƙa shine ya warware wata tsohuwar matsala da ta daɗe tana damun maƙera.

Abu uku ake nema wajen wuƙa, ta riƙe kaifi, kar ta yi gautsi har bakinta ya dinga ɓalgacewa, kuma kar ta yi tsatsa. To matsalar itace in ka jawo ɗaya sai ɗaya ya kuɓuce maka. Tun 1913 da Harry Brearley ya gano ƙarfe mara tsatsa a Sheffield ta Ingila an san cewa wani sinadari da ake haɗawa a cikin ƙarfe mai suna kuromiyom ne maganin tsatsa, amma idan ya yi yawa sai ya haɗe da kabon ɗin da ke cikin ƙarfen su zama wasu ƙwayoyi masu tauri da ake kira kabayid, ba irin na masu walda ba fa, kuma na kuromiyom manya ne, suna nan kaman tsakuwa a cikin tuwo, ta wajensu ƙarfen ke fara tsagewa.

A wajajen 1970 Crucible suka kawo dabarar gari, wato a fesa narkakken ƙarfe da iskar gas ya daskare nan take ya zama gari, sannan a matse shi da zafi da ƙarfin tsiya har ya koma dunƙule guda, hakan yana sa ƙwayoyin su fito ƙanana kuma su bazu daidai. Da wannan dabarar aka yi ƙarfen wuƙa mai suna S30V a 2001, haka M390 na kamfanin Böhler a Ostiriya da Elmax na Uddeholm a Suwidin. Sai dai duk sun cika kuromiyom, S30V kashi 14 cikin ɗari, M390 har kashi 20.

Shi Thomas sai ya bi ta bayan gida, ya rage kuromiyom zuwa kashi 10.7, kabon 1.15, ya sa wasu sinadaran, wato banadiyom kashi 4, niyobiyom 2, molibdenom 2 da ɗan naitorojin. Banadiyom da niyobiyom ne suke kwashe kabon ɗin, shi kuma kuromiyom ya zauna a narke cikin ƙarfen yana aikinsa na tare tsatsa. Ga kuromiyom ɗin ɗan kaɗan ne amma ba wanda ya tafi a banza. Ana taurara shi yawanci tsakanin 60 zuwa 64 a ma'aunin taurin ƙarfe na Rockwell.

Game da gaba kuwa hanya biyu ake bi, ta farko irin ta Thomas, wato gyara lissafin haɗi da kwamfuta tun kafin a kunna wuta, sai kuma ta sa naitorojin a madadin kabon kaman a ƙarfen Vanax na Uddeholm, wanda ko ruwan teku baya cika yi masa komai. Amma harkar bata tafiya sumul, Crucible ɗin kansa ya durƙushe a ƙarshen 2024, kamfanin Erasteel na Faransa ya saye sunayen ƙarafansa a 2025.

Sai maganar wasawa, wadda masu talla basu cika faɗa ba. Kabayid ɗin banadiyom ya fi dutsen wasa wuƙa na yau da kullum tauri, dan haka an fi samun yadda ake so da dutse mai garin daimon. Mahaucin da ke goga wuƙarsa sau goma kafin azahar, wadda maƙeri ya buga masa daga tsohon sifirin mota, ba lallai ya ga ribar tsadar MagnaCut da dutsen daimon ba. Kuma ko MagnaCut ɗin ne in maƙeri ya kuskure wajen gashi da sanyayawa, wuƙar bakin kasuwa ma sai ta fi shi yanka.