Don Allah kada ki ajiye tamoxifen don kin ji sauƙi

Iyayenmu mata, abu ɗaya ne yake ta maimaituwa a ɗakin ganin likita. A yi wa mace aikin kansar mama, ta jure wahalar ƙarin ruwan kemo, gashi ya zube ya sake tsirowa, sannan a ɗora ta a kan tamoxifen, ƙwayar da ke rage yiwuwar dawowar kansar. Tana jin sauƙi, sai a tura kwalin ƙarƙashin katifa. Daga baya a dawo da ita ranga-ranga da ciwon baya ko tari, cuta ta riga ta shiga ƙashi ko huhu.

"Ai na warke, malama." Wa ya ce miki? Wuƙa abin da ido ya gani ta cire. Ɓurɓushin da ya saura yana rayuwa ne da sinadarin jikin mace, isturojin, wanda ke kama wani furotin a tsakiyar ƙwayar halitta ya sa ta hayayyafa. Tamoxifen ce ke tare wurin. Kika daina sha, kin sakar masa hanya.

Ƙwaya ɗaya ce, miligiram 20, kullum, shekara 5, wasu har 10. Shan shekara 5 ɗin yana rage mutuwa daga wannan kansa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wannan za ki watsar saboda wata maƙwabciya ta kawo miki jiƙo?

Mun san tana da wahala: zafi ya taso miki daga ƙirji zuwa fuska, gumin dare, al'ada ta rikice. Sannu. Amma ki zo ki faɗa, akwai dabara. Kada ki yanke hukunci ke kaɗai a ɗaki. Maigida, kai ma da kai muke: kuɗin ƙwayar wata bai kama ƙafar kuɗin jinyar da za ta biyo baya ba.

A taƙaice:
- Kin manta jiya? Sha na yau kawai, kada ki haɗa biyu.
- Da azumi, ki mayar da shi sahur ko buɗa-baki.
- Kada ki ɗauki ciki kina sha, yana iya cutar da ɗan tayi.
- Kina shan warfarin (maganin hana daskarewar jini) ko paroxetine (maganin ciwon damuwa)? Ki sanar da likita.
- Kada ki ba wata. Sai wadda gwajin ƙullutunta ya nuna zai yi mata aiki.
- Jinin da ba na al'ada ba, kumburin ƙafa ɗaya mai ciwo, ko numfashi ya sarƙe: asibiti a ranar, ba sai ranar da aka rubuta miki a kati ba.