Kamarar binciken farantin sola

Kamarar binciken farantin sola na'ura ce da masana'antu ke amfani da ita wajen gano lahanin da ke ɓoye a cikin ƙwayoyin sola, wato ƙananan fallayen silikon da ake jerawa su zama faranti, kafin kaya su fita kasuwa. Ƙwayar silikon ba ta da kauri, yawanci ba ta kai milimita 0.2 ba, shi ya sa takan tsage ba tare da an ga wata alama daga waje ba.

Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce wadda ake kira electroluminescence, ko EL a taƙaice. Takashi Fuyuki da abokan aikinsa na Cibiyar Kimiyya da Fasaha ta Nara, a Japan, su ne suka bayyana ta a 2005. Maimakon farantin ya sha rana ya ba da wuta, sai a juya aikin: a tura masa wutar lantarki, shi kuma ya fitar da haske mai rauni, mai tsawon zango kusan nanomita 1150 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Ido ba ya ganin wannan haske, don haka a cikin duhu ake ɗaukar hoton. Lafiyayyar ƙwaya takan fito fes, haskenta bai ɗaya. Tsaga kuwa takan bayyana kamar zare baƙi, wani lokaci da rassa, sannan ɓangaren da ya yanke daga layin wuta ya fito baƙi ƙirin. Akan yi gwajin kafin a manne ƙwayoyin da gilashi, lokacin da ake iya sauya wadda ta lalace, a kuma sake bayan an manne.

Kamara mai idon silikon, wato wadda ɓangarenta mai kama haske na silikon ne, ta fi araha kuma hotonta ya fi fitowa dalla-dalla, sai dai ɗan kaɗan take kamawa daga wannan haske, dole a jira. Mai idon InGaAs (haɗin sinadaran indium, gallium da arsenic), wadda ke gani daga nanomita 900 zuwa 1700, ta fi sauri nesa ba kusa ba, amma akwai tsada.

Akwai kuma hanyar photoluminescence, ko PL a taƙaice, wadda Thorsten Trupke da Robert Bardos suka inganta a Jami'ar New South Wales ta Ostareliya. Ita da haske ake haska silikon ɗin har ya fitar da nasa hasken a ɗauki hoto, ba a haɗa masa waya, saboda haka tana aiki tun ƙwayar ba ta kammalu ba. A manyan filayen sola kuwa, jirgi maras matuƙi ke yawo da kamarar auna zafi yana neman wuraren da suka fi saura zafi, alamar lahani.