Hayaƙi da ƙura: me ya sa muke ɗaukar gurɓatacciyar iska da wasa?

Shin mutane ba su san iskar da suke shaƙa tana cutarwa ba ne?

Sun sani, sai dai saninsu ya tsaya ga abin da ido ke gani. Idan hazo ya sauko a watan Disamba, za ka ga an rufe hanci da rawani ko takunkumi, an hana yara fita da sassafe. Amma abin da ya fi kisa ba a ganinsa: ƙananan ƙwayoyin da masana ke kira PM2.5, waɗanda silin gashi ya ninka su kauri kusan sau 30. Suna shiga can cikin huhu, wasu har cikin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iska na da hannu a mutuwar mutane kusan miliyan 7 duk shekara, galibi ta ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da cututtukan huhu. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye kuwa, da wuya danginsa su tuna da hayaƙi.

Ai ƙurar hunturu daga Allah take. Me ɗan Adam zai iya?

Haka ne. Yawancinta iska ce ke kwaso ta daga Sahara, musamman kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, kuma babu mai tare ta. Amma ƙona bola cike da leda a tsakiyar unguwa, da babbake kai da ƙafa da tsofaffin tayoyi a mahauta, ba hunturu ne ya kawo su ba.

A ina haɗarin ya fi yawa?

A madafa. Nan ne kuma aka fi raina shi, don an saba. Dubi matar da ta durƙusa gaban murhu tana hura ɗanyen itace, idonta na hawaye, ga jariri goye a baya yana shaƙar abin da take shaƙa, safe da yamma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin cikin gida ya jawo mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a 2020, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000. Sai kuma janareto da ake shigarwa zaure ko baranda da dare don tsoron ɓarayi, da kaskon gawayi da ake kwana da shi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi. Dukansu suna fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Ita ce ke kashe iyali guda cikin barci, gari ya waye ana ta zargin abincin da suka ci.

To mutane a shirye suke su canza?

A ganina sun fi shiri fiye da yadda ake faɗa, aljihu ne ke hanawa. Babu matar da ta ɗanɗana girki da gas take marmarin komawa hura wuta. Amma da tsadar rayuwa ta ƙaru bayan cire tallafin fetur a Najeriya a 2023, gas ma ya tashi, gidaje da yawa suka jingine tukunyar gas suka koma gawayi. Masu sa sola kuwa tsadar mai ce ta kore su daga janareto, samun iska mai kyau riba ce ta zo a kai.

Gani da ido ma yana motsa jama'a. Da baƙar toka ta fara sauka a Fatakwal a 2016, tana ɓata tufafi da tafin ƙafar yara, mazauna garin ba su yi shiru ba, har zanga-zanga suka yi.

Wa ya kamata ya tsawatar?

Akwai hukumar NESREA da aka kafa a 2007 don tabbatar da bin dokokin muhalli, ga kuma ma'aikatun muhalli na jihohi. Sai dai hana ƙona shara a unguwar da motar kwasa ba ta zuwa magana ce kawai. Mai gida dai zai iya fitar da janareto fili nesa da taga, ya buɗe wa madafa mafitar hayaƙi, a kuma sauke jariri kafin a hura wuta.