Mizani a rubutun kiɗa: nuwar ba kullum take bugu ɗaya ba

Yawancin yaranmu masu kaɗa fiyano ko ud (garayar Larabawa) a garuruwan Gadarif, Kasala da Sinnar na Sudan da kunne suka koya, a gidajen biki. Idan aka ajiye wa ɗayansu takardar nota, abin da zai fara cin karo da shi lambobi biyu ne a farkon layi, ɗaya bisa ɗaya: 4/4, 3/4 ko 6/8. Su ake kira mizani. Akwai kuma layuka a tsaye da suka yanka kiɗan gida-gida, kowane gida sunansa mazura. Lambar sama tana faɗin guda nawa ke cika mazura, ta ƙasa kuma tana faɗin guda nawa na mene ne.

Sunayen alamomin da ke nuna tsawon kowane sauti daga Faransanci suka shigo Larabci, kuma da su malamai ke koyarwa, har waɗanda suka fito daga makarantar kiɗa da wasan kwaikwayo da aka buɗe a Khartoum a 1969. Rond ce babba, da'ira ce marar sanda. Blansh rabinta ce, fara mai sanda. Nuwar baƙa ce mai sanda, rabin blansh. Kurosh an ƙara mata 'yar tuta, rabin nuwar ke nan, dubul kurosh kuma rabin kurosh. Kamar canjin kuɗi ne, takardar 100 ko ina ka kai ta 50 biyu ce. Wannan lissafi ba ya sauyawa a kowane mizani. Idan aka ɗiga ɗigo a gaban alama, an ƙara mata rabin tsawonta: blansh mai ɗigo nuwar 3 ce.

Inda ake ruɗewa shi ne haddar da ake ba ɗalibi a darasin farko, wai rond bugu 4 ce, nuwar bugu 1. Gaskiya ne, amma sai in lambar ƙasa 4 ce. Lambar ƙasa tana nuna kashi nawa aka raba rond: 2 na nufin blansh, 4 nuwar, 8 kurosh. Don haka a 2/2 blansh ce bugu, rond ta koma bugu 2 kacal, nuwar rabin bugu. Ni a ganina da a ce ana faɗa wa yaro wannan tun ranar farko, da an rage masa wahalar warware hadda daga baya.

Sai 3/4 da 6/8, waɗanda a kan takarda za ka rantse abu ɗaya ne, tunda kowannensu kurosh 6 ke cika masa mazura. Bambancin yana wajen rabo. A 3/4 biyu-biyu ake haɗa su, ƙafa ta taka sau 3. A 6/8 uku-uku ake haɗa su, ƙafa ta taka sau 2, kowane taku nuwar mai ɗigo. Gwada da tafi: ƙirga 1 zuwa 6 daidai wa daida, ka tafa a kan 1, 3 da 5, sannan ka sake ƙirgawa da saurin nan ka tafa a kan 1 da 4 kawai. Na biyun shi ne tafiyar mardum, kiɗan yammacin Sudan da Abdulƙadir Salim ya shahara da shi. Duk wanda ya tashi yana jin kalangu ba baƙo ba ne a nan, domin makaɗanmu sun saba ɗora uku a kan biyu a lokaci guda ba tare da sun san an yi masa lamba ba.

Shiru ma ana rubuta shi, sunansa sakta, kuma kowace alama tana da saktarta mai tsawo daidai da ita. Ta rond da ta blansh suna kama, 'yan baƙaƙen akwatuna ne: a layuka 5 na kwance da ake rubuta kiɗa a kansu, ta rond tana reto a ƙarƙashin layi na 4 idan ka ƙirgo daga ƙasa, ta blansh tana zaune a kan layi na 3. Saktar rond tana da wani aiki na daban. Idan ita kaɗai ce a tsakiyar mazura, ma'anarta a yi shiru mazurar gaba ɗaya, ko da mizanin 3/4 ne ko 6/8. Wanda ya ƙirga mata 4 a 3/4 zai shigo a makare, abokan kiɗa su bar shi a baya.

Mai koyon ud zai haɗu da sama'i saƙil, wani salon bugu na kiɗan Larabawa mai mizani 10/8. A mafi sauƙin bugunsa dum (bugu mai kauri) na faɗowa a kan 1, 6 da 7, tak (bugu siriri) a kan 4 da 8, sauran guraben 5 duk shiru ne. Masu koyo sukan gutsure shirun 9 da 10 don ɗokin komawa dum na farko, sai mazurar ta gajarce.

Mizani bai ce komai game da daƙiƙa ba. Wannan aikin lambar sauri ne da ake rubutawa a saman takarda, wadda ake saita metronom (na'urar ƙirga bugu) da ita, yanzu ma a waya yake. Nuwar 60 a minti na nufin kowace nuwar daƙiƙa 1 ce, rond 4. A 120 nuwar rabin daƙiƙa ce, rond 2. A 6/8 ka duba da kyau ko lambar ta kurosh ce ko ta nuwar mai ɗigo, domin 90 na nuwar mai ɗigo ya ninka 90 na kurosh sauri sau 3.