"Ba ta ci komai ba, shi ya sa ban yi mata allurar ba"

Wannan maganar na ji ta har kunnena ya gaji. Ta baya-bayan nan daga bakin wata uwa ta fito. Ta kawo 'yarta mai ciwon suga asibitinmu a a-daidaita-sahu, yarinya 'yar kimanin shekara 15, leɓɓanta sun bushe sun tsage, tana amai, tana jan numfashi da ƙarfi kamar wadda ta sha gudu. Muka ɗiga jininta a na'urar gwaji, na'urar ta kasa nuna lamba, suga ya wuce inda take iya ƙirgawa. Na ce, "Mama, yaushe rabonta da allurar insulin ta dare?" Ta ce kwana uku. Zazzaɓi ne ya kama yarinyar, ko koko ba ya zama a cikinta, sai uwar ta ji tsoron kada allurar ta kayar da ita.

Ban ga laifin tsoronta ba, uwa ce. Amma wallahi raina ya ɓaci, domin babu ranar da za a ɗora mutum a kan wannan allura ba mu faɗa masa ba, mu maimaita: insulin mai dogon zango ba ta abinci ba ce.

A sake ji. Ba ta abinci ba ce.

Ko ka ci ko ba ka ci ba, hantarka tana zuba suga a cikin jini dare da rana, kana barci ma tana yi. Aikin wannan allura ke nan, ta riƙe wancan sugan a hankali har tsawon yini da kwana. Glargine, wadda da yawanku suka sani da sunan Lantus, tana kai wa kimanin awa 24 a jiki. Degludec, wato Tresiba, tana haura awa 40. Wadda ake yi dab da cin abinci daban take, ita ce idan babu abinci ake ɗage ta. Sai mutane su cakuɗa su biyun, su ajiye duka. Alhali lokacin rashin lafiya ne ma suga ya fi tashi, ko da cikin mutum babu komai. Ga masu nau'in ciwon da ke kama yara da matasa, waɗanda jikinsu ba ya yin insulin ko kaɗan, tsallake kwana ɗaya ko biyu ya isa ya juya jini ya zama guba, a ƙare a ɗakin gaggawa ana ƙarin ruwa.

Akwai kuma 'yan "na warke". Alhaji zai zo da fara'arsa, ya miƙo mini littafinsa, gwajin safe 110, 105, 120, ya ce, "Sista, ai Allah ya yaye, na ajiye allurar tun watan jiya." Ranka ya daɗe, wa ya sauko da lambar nan? Allurar ce fa. Kamar mai rijiya ne ya ga randarsa cike, ya ce daga yau ya daina jan guga. Bayan wata biyu sai ga shi ya dawo ya rame, yana tashi fitsari sau biyar a dare, ƙafa da gyambon da ya ƙi warkewa. Wani kuma maƙwabci ne ya ce masa allura ta waɗanda suka kusa tafiya ce, ya koma jiƙe-jiƙe. Tun 1922 aka fara yi wa mutum insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, yaro ne ɗan shekara 14 da ya kusa mutuwa, ya tashi ya ƙara shekaru a duniya. Shekara ɗari da ɗoriya tana raya mutane, ku kuma har yanzu kuna sauraron mai shayi.

Na san akwai waɗanda ba taurin kai ba ne ya hana su, aljihu ne. Biron allurar guda ɗaya yunit 300 ne a ciki, mai yin yunit 20 kullum ba ya kai masa fiye da kwana 15, kuma kowa ya san yadda kuɗin magani ya koma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka irin wannan insulin cikin jerin magunguna na dole tun 2021, amma hakan bai sa ta yi araha a kemis ɗin unguwa ba. To don Allah idan kuɗi ya yanke, ku zo ku faɗa, babu abin kunya. Akwai wata insulin mai farin ruwa kamar tsala, wadda ake murzawa a tafin hannu kafin a yi, ta fi sauƙin kuɗi, likita zai iya mayar da kai kanta ya tsara maka lokutanta. Abin da ba na so shi ne yau a yi, gobe a tsallake, jibi a yi rabi, wai ana tattali, a kuma ɓoye mana. Mu muna ganin suga a sama, mu ƙara yunit, ranar da ka samu kuɗi ka yi cikakkiya sai ta kayar da kai.

Faɗuwar suga gaskiya ce, ban ce ƙarya ba ce. Idan ka ji gumi ya keto maka, hannu na rawa, zuciya na bugawa, ko gwaji ya nuna ƙasa da 70, sha suga cokali ɗaya babba a ruwa ko rabin kofin lemon kwalba, ka sake gwaji bayan minti 15. Idan abin yana maimaituwa, musamman da tsakar dare ko da asuba, yunit ɗin ne ya yi yawa. Rage shi za a yi, kuma mu za mu rage, ba kai za ka jefar da ita bayan gado ba. Haka ma azumi. A zo wajenmu tun cikin Sha'aban. Wasu za a rage musu a mayar da ita lokacin buɗa-baki, wasu kuma likita zai ce kada su ɗauka sam, kuma addini ya yi wa marar lafiya rangwame.

Sauran a gurguje, layi na jirana:

Lokaci ɗaya kullum. Ɗaura shi da sallar isha'i idan ta dare ce, ba za ka manta ba.

Idan ka manta, kada ka ninka washegari. Tambaye mu.

Ranar zazzaɓi ko amai, a yi ta gwaji duk bayan awa 3 zuwa 4, a sha ruwa, a kira mu tun da wuri mu faɗi yunit nawa za a yi. Amai ya ƙi tsayawa, ciwon ciki, ko barci mai nauyi, a taho asibiti ko da tsakar dare ne.

Wadda ba a buɗe ba a firij, ba wajen ƙanƙara ba. Lantus da aka buɗe kwana 28 ne iyakarta. Babu wuta? A ɗaure ta a leda, a sa a inuwa kusa da randa mai sanyi. Ban da cikin mota, ban da bakin taga.

Kada a haɗa glargine da wata insulin a sirinji ɗaya. A riƙa sauya wurin tsira ta, ciki ko cinya.

Yarinyar nan an sallame ta. Mahaifiyarta ta saka ƙararrawar ƙarfe tara na dare a wayarta a gabana, ranar Talata za su dawo da littafin gwaji.